Kanumfari a Kunun Kofur

A shekarar da ƙaramar Sallah da Kirsimeti suka faɗo mako ɗaya, ana tsakiyar yaƙin basasa, wani direban babbar mota ya tsaya a unguwar Jambutu ya gaya wa Hansai an sallami mijinta, Kofur Ephraim, daga asibitin soja a Kaduna, kuma zai iso kafin biki. Ta tambaye shi a ina aka ji masa rauni. Ya ce shi dai ya ga mutum da hannu biyu da ƙafa biyu.

Tun daga ranar ta kasa zama. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Da ta ji ƙugin mota sai ta fita bakin hanya, ko da muciya a hannunta. Ranar jajiberen Kirsimeti ta shiga kasuwar Jimeta ta sayo gyaɗa da shinkafa da tsamiya, da citta, masoro da kanumfari, don Ephraim ba ya shan kunun gyaɗa lami, balle a wannan sanyin.

Maƙwabciyarta Asta, Bafulatanar Yola, ta shigo taya ta tace gyaɗar. Su sun riga sun yi Sallarsu, har da ragowar lalle a hannunta.

"Hansai, zauna mana. Kin sa ni jiri."

"Adda Asta, in na zauna zuciyata ce ke tashi."

Da hantsi ranar Kirsimeti, bayan an tashi daga coci, Ephraim ya shigo da jakarsa a kafaɗa. Ya rame, kuma akwai tabo daga goshinsa zuwa bayan kunne. Hansai ta ruga ta karɓi jakar, ta rasa inda za ta ajiye ta. Ta shimfiɗa masa tabarma kusa da murhu, ta zubo kunu yana tururi. Shi kuwa ya zauna a gefen tabarmar kamar baƙo, idonsa a ƙofa.

Ya kurɓa, ya sake kurɓa.

"Kanumfari ya ƙare a kasuwa ne?"

"Na sa, Maigida."

"Ban ji ba."

Ta daka wani ta barbaɗa a tukunya. Ya ɗanɗana, ya girgiza kai. Ta ƙara. Asta, da ta leƙo yi masa barka da zuwa, ta karɓi ludayi ta kai baki, nan take ta yamutsa fuska.

"Wannan ai ya zama maganin haƙori," ta raɗa mata.

Hansai ta ji kamar ta yi kuka. Ta ja Asta zaure tana tambayarta ko hannunta ne ya lalace, ko kuwa kunun ne ya fita ransa. Suna cikin magana Asta ta ɗaga hanci.

"Wani abu na ƙonewa!"

Suka dawo da gudu. Kunu ya kama gindin tukunya, ƙauri ya cika gidan har da hayaƙi. Ephraim na zaune dab da murhun, ya ba shi baya, yana kallon ƙofa. Hansai ta sauke tukunyar da bakin zaninta, ta tsaya tana dubansa.

"Maigida, ba ka ji ƙauri ba?"

Ya juyo ya dubi tukunyar, ya dubi matan. Asta ta yi sallama a hankali ta fita.

"Tun da bom ya fashe kusa da ni," ya ce, yana shafa tabon, "hancina ya mutu. Ba ƙamshi, ba wari. Likita ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila a'a. Duk hanya ina cewa a raina, in na shaƙi kununki zai buɗe."

Ta durƙusa gabansa. "To, me kake ji in ka sha?"

"Ɗumi. Da yajin citta a maƙogwaro. Shi ke nan."

Ta miƙe. Ta wanke ƙaramar tukunya, ta juye sauran ruwan gyaɗar da ta tace, ta ɗora. Ta daka citta da masoro fiye da yadda ta taɓa sa wa kowa, ta dama ta miƙa masa. Ya sha har gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya miƙo ƙwarya ta ƙara.

Daga nan ya miƙe, ya zagaya tsakar gida, ya leƙa ɗaki, ya fito.

"Zan taka zuwa bakin kogin Binuwai. Ba na iya zama wuri ɗaya yanzu."

Hansai ta dubi ƙonanniyar tukunyar, ta tuna 'yan coci za su shigo gaisuwa da la'asar, ga shi ba abin da za ta ba su. Ta zuba mata ruwa ta bar ta ta jiƙa, ta ja mayafinta daga kan igiya.

"Jira ni in sa takalmi," ta ce.