Haramtacciyar Gura

Ranar da ɗana Abdulmajid ya yi Hausa a gaban mutane, ranar aka fasa aurensa. Juma'a ce, bayan an sauko daga Haramin Madina, a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, da aka kama cikin gonakin dabinon Al-Awali.

Sunana Siddiq. Na koyar da nahawu har alli ya gaji da ni, yanzu ina zaune a unguwar Bani Harisa da littattafaina da wata na'urar sanyaya ɗaki mai tarin tsofaffi. Matata Ƙaltume tana kwance a maƙabartar Baƙi'a tun yaron yana ƙaramin aji. Ta bar mini shi, ta kuma bar mini yayanta Ja'afaru. Na farkon na gode mata. Na biyun har yau ban san laifin da na yi mata ba.

Ja'afaru masunci ne a Yanbu. Kakansu Basarke ne, masuncin gado daga wajen Yawuri, ya tako aikin hajji da ƙafa, ya ga teku ya ce ya iso. Tun daga kansa gidan suke kama kifi da gura, wadda Larabawan gaɓa suke kira sakhwa: keji ne na waya mai baki kamar mazurari, kifi ya shiga ba ya sanin hanyar fita. A kan duwatsun murjani ake jefa ta, inda najil yake zama, jan kifin nan mai ɗigon shuɗi da mutumin Hijaz zai yi rantsuwar ƙarya a kansa. Bayan rasuwar Ƙaltume, duk Alhamis sai akwatin ƙanƙara ya iso ƙofata daga Yanbu. Ban taɓa roƙa ba. Ja'afaru kuwa bai taɓa barina na manta ba.

A jirgin kawun nasa Abdulmajid ya yi hutun makarantarsa duka. A can ya so teku, a can kuma ya so Suhaila, 'yar Ja'afaru, wadda yanzu take aiki a wani kantin magani a Aziziya. Ba wanda ya haɗa su, su suka ga juna. Ya karanci ilimin teku, aka ɗauke shi aikin sa ido a kan masunta a gaɓar Yanbu ɗin dai. Wato kawu ya rena wa kansa mai gadi.

Wata rana ya nuna mini hoton bidiyo a wayarsa. Wani mai nutso ne ya samo gurar da igiyarta ta tsinke tun bara. Tana zaune a kan murjanin da ta farfasa, cike da ƙasusuwa, a cikinsu akwai kifi biyu masu rai suna goga hanci a waya. Ya yi mini bayani, da Larabci kamar kullum, cewa wanda ya mutu a ciki shi ne abincin da zai jawo na gaba, haka za ta yi ta yi shekara da shekaru ba mai ɗauka. Na ce masa na san gidaje a Madina da suke aiki haka.

Sai sabon nizami ya zo, wato dokar hukuma a kan gura. Idon waya ya zama mai faɗi don ƙanana su fice. Ƙofar baya a ɗaure ta da zaren auduga, wanda zai ruɓe idan gurar ta ɓata. Kar a jefa a kan murjani. A kuma ƙyale najil a watannin da yake zuba ƙwai. Ja'afaru ya saurara, ya ce kakansa bai tako daga Yawuri don ya ɗaure ƙofa da zaren ɗinkin hula ba, ya ci gaba da ɗaurewa da wayar tagulla.

Ana saura kamar wata guda a sa rana, jirgin sintiri ya kwashe gurorinsa daga ruwa, aka kai su fili aka bi ta kansu da mota. Abdulmajid yana cikin jirgin. Na zauna jiran guguwa. Sai ga wayar Ja'afaru, murya kamar zuma.

"Ustaz, maganar yara tana nan. Aiki daban, zumunci daban. Abincin rana ma ni zan kawo."

Na yi mamaki. Mutumin nan ko inuwarsa ka taka sai ya rama.

Akwai abu guda da ya kamata a sani game da ɗana. Yana jin Hausa tas, har habaici, amma ba ya amsawa da ita. Ka ce masa "ina kwana", ya ce maka "alhamdu lillah, ya abuya", wato babana. Haka 'ya'yanmu na nan suke, kunne na Kano, baki na Hijaz. Na yi faɗa, na yi lallashi, na haƙura. 'Yar Hausar da yake ji in ba a gida ba ta labaran rediyo ce da nake kunnawa a mota.

Ranar muka taru a ƙarƙashin rumfa, maza a gefe guda, mata a bayan katanga, ana jin ƙarar kofunansu. Akwai Malam Sa'id, dattijon da ya zo daga Damagaram tun yana saurayi, shi ake sa wa gaba a irin wannan zama. Akwai Ɗan'inna, tsohon direban motar alhazai, wanda ba a gayyatarsa kuma ba a taɓa yin taro babu shi ba.

"Ango ya rame," in ji Ɗan'inna. "Ko gwamnati ta hana ka cin abinci ne kai ma, sai ka gama zuba ƙwai?"

Aka yi dariya. Abdulmajid ya yi murmushi ya ba shi amsa da Larabci cewa zafi ne.

Aka shigo da farantai. Sayadiyya ce, shinkafar nan mai launin ƙasa da ake dafawa da soyayyar albasa, an jera kifi a kanta. Najil ne. Ƙanana, ko tafin hannu wasu ba su cika ba, a tsakiyar watan hani. Ba a yanke kawunan ba. Ko ni da ban san teku ba sai a littafi na ga yadda hancinsu ya goge.

Ja'afaru ya naɗe hannun riga, ya ɓare tsoka mafi kyau, ya ajiye a gaban ɗana.

"Bismillah, ɗan ƙanwata. Hut ne na safiyar jiya. Da hannuna na ɗaga."

Hut yake cewa maimakon kifi, kamar Larabawan tasha. Rabin Hausarsa gishiri ya cinye.

Abdulmajid ya ce da Larabci, a hankali, shinkafar ta ishe shi.

"Me ya ce?" Ja'afaru ya sa hannu a kunne. "Malam Sa'id, kunnena ya tsufa, ba ya ɗaukar Larabcin ofis. Yaro, 'yata kake nema. A gidanmu ba a neman aure da harshen takarda. Ka gaya mini da harshen uwarka me ya hana ka ci."

"Abu Muhsin," na ce wa Ja'afaru da alkunyarsa, "a bar yaro ya ci abin da yake so."

"Ustaz, kai ka yi naka koyarwar, ga sakamakon nan zaune. Bari mu ji ko akwai abin da ya rage."

Ɗana ya ajiye hannu a gwiwa kamar mai karatun allo, ya ce:

"Kawu, ka yi haƙuri. Ba zan iya cin kihin nan ba. An haramta shi. Gurar da kake kama shi da ita haramtacciya ce."

Larabci yana da kalma biyu. Abin da hukuma ta hana, mamnu'u ne. Abin da Allah ya hana, haram ne. Ko ɗan yaye a Madina ba ya haɗa su. Hausar rediyo kuwa ta zuba su a tukunya ɗaya: gwamnati ta haramta acaba, gwamnati ta haramta leda. Daga nan yaron ya ɗauko. Mamnu'u yake nufi, kuma babu wanda ya fi Ja'afaru sanin haka a wurin. Na ga idonsa lokacin da kalmar ta faɗo. Ba idon wanda aka zaga ba ne. Idon mutum ne da ya ja igiya ya ji nauyi.

"Inna lillahi," ya ce, ya janye hannunsa daga faranti sannu a hankali. "Jama'a kun ji. Haram."

"Yana nufin..." na fara.

"Na ji abin da yake nufi, da Hausa ya faɗa. Haram nake ci. Haram na ciyar da iyalina. Malam Sa'id, hajjin da na kai tsohuwarmu da kuɗin gura, ashe banza ne. Wannan jikin naka, yaro, wa ya gina shi? Ubanka littafi ya dafa maka? Duk Alhamis haram nake aiko muku a ƙanƙara, kuna sa lemun tsami."

"Kalmar tana da fuska biyu," na ce. "A Hausar yau, idan aka ce an haramta..."

"Ustaz zai yi mana i'irabi!" in ji Ɗan'inna. Wasu suka yi dariya, don sun saba idan ya yi magana a yi dariya.

Malam Sa'id ya shafa gemu. Mutumin kirki ne, irin kirkin da yake bin wanda ya fi ɗaga murya. Ya ce kalma ce mai nauyi, bai kamata yaro ya jefi babba da ita ba, a Madinar Manzo kuma, ranar Juma'a.

Abdulmajid ya koma Larabci da gudu, yana cewa mamnu'u, mamnu'u kawai, wallahi ya khali, wato kawuna. Ja'afaru ya ɗaga hannu.

"A'a. Ka shiga da Hausa, da ita za ka fita. Uwarka ma da wannan hut ɗin ta girma. Baƙi'a ba nisa. Ka je ka tsaya a kanta ka gaya mata haram ta ci har ta mutu."

Da ina da ƙarfin da nake da shi a kan takarda, da na fasa masa farantin a ka. Na tashi tsaye dai, gwiwata ta yi ƙara, ba wanda ya kalle ni.

"Abu Muhsin, a yi sulhu," in ji Malam Sa'id. "Yaro ya janye."

"Baki ba ya janye abin da baki ya faɗa sai da abin da baki ya ci." Ja'afaru ya tura tsokar gaba da ɗan yatsa. "In halal ne, ga shi. In haram ne, ga ƙofa, 'yar mai cin haram ba ta dace da shi ba."

Daga bayan katanga wata murya ta ce, "Abuya, don Allah." Suhaila ce. Wata babbar mace ta ce mata ta rufe baki.

Ɗana ya dubi kifin. Na san abin da yake gani, ya nuna mini a waya. Ya dubi katangar. Sannan ya yi bismillah, ya ɗauka, ya sa a baki. Ya daɗe yana taunawa kamar tsakuwa. Ya haɗiye.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Sa'id, ya ɗaga hannu zai yi fatiha.

"Dakata, Malam." Ja'afaru ya jawo butar wanke hannu, ya wanke yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. "Kun gani da idonku. Da bakinsa ya ce haram ne, da bakin nan kuma ya ci, saboda mace. Yau ya sayar da abin da ya yi imani da shi a kan loma ɗaya. Gobe a kan me zai sayar da 'yata? Da ya tashi ya fita, wallahi da na bi shi na ba shi ita. Ba ni da 'yar da zan ba wannan."

Ƙarya yake yi, da ya fita ma ba zai ba shi ba. Amma ƙarya ce mai kyan gini, kuma na ga dattawa suna gyaɗa kai, don ba abin da ya fi yi wa mai cin najil a watan hani daɗi kamar a nuna masa wani ne mara gaskiya. Kafin mu kai ƙofa sun koma kan farantai. Ɗan'inna yana tambaya ko akwai sauran yaji.

Abdulmajid ne ya ja motar. A wajen wata katangar gona ya tsaya, ya fita, ya amayar da abin da ya ci a gindin dabino, ya dawo ya kama sitiyari. Da muka isa Bani Harisa na buɗe baki na ce, "Abdulmajid, ɗazu..."

Ya ce da Larabci, ba tare da ya dube ni ba: "Abuya, in kana son in ci gaba da zuwa gidan nan, kar ka ƙara yi mini maganar yau. Kar kuma ka ƙara yi mini Hausa."

Ya nemi a mayar da shi can kudu, wajen Jazan, aka mayar da shi. Suhaila ta yi wata biyu ba ta zuwa kanti, daga baya aka aura mata ɗan wani mai sayar da injin jirgi. An aiko mini da katin biki. Rago aka yanka. Ja'afaru ya sayi sababbin gurori, an ce yanzu da zaren auduga yake ɗaurewa, don tarar ta yi tsada, kuma yana gaya wa mutane a masallaci cewa dama shi ya fara ba da shawarar.

Ɗana yana kirana ranar Juma'a. Muna gaisawa da Larabci mai tsabta, irin wanda na koyar, babu kuskure ko ɗaya. Yana tambayar hawan jinina, ina tambayar zafin Jazan. Na gwada sau ɗaya, na ce masa akwai wata 'yar magana game da ranar nan, ba ta kawunsa ba ce. Ya ce ana kiransa a ɗaya layin.

Abin da nake so in gaya masa ba shi da yawa, kuma ba ya faɗuwa da Larabci. Ba "kifi" ya ce ba a ranar. "Kihi" ya ce. Ni Bakano ne, ban taɓa faɗin haka ba, kawunsa kuwa ya manta kalmar tun kafin a haifi yaron. Mutum ɗaya ce take cewa kihi a gidana, uwarsa. Ina so in ce masa: yaro, duk shekarun nan ashe tana bakinka, ka hana ni ji.