Filin da Wofa Atakora Ya Bari

Tun ranar da mijinta ya rasu aka garƙame shagon atamfar Maame Adutwumwaa da ke bakin tashar Konongo a Ghana. Opanin Gyamfi, babban dangin mamacin, shi ya ce ba a buɗewa sai an yi jana'iza. Ita kuwa jana'izar tana jiran a yi wa gidan gado fenti, a ɗinka anko, 'yan'uwan da ke Jamus su sami hutu. Gawa tana kwance abinta a firjin asibiti, ba ta gaggawar komai. Asu ya fara cin atamfofi, masu sayayya sun koma shagon gaba.

Da abin ya ishe ta, sai ta je wajen Wofa Atakora mai rubuta alluna.

"Wofa, allo nake so da Turanci, baƙaƙe manya-manya, ya faɗi tsawon lokacin da shagona ya yi a rufe."

"Me yarenmu na Twi ya yi miki?"

"Hotonsa za a tura Jamus, har 'ya'yan 'yan'uwan da ke can su karanta. Kuma Turancin ya fita daidai. Opanin tsohon hedimasta ne, in ya ga kuskure zai yi ta yawo da shi gida-gida, a manta da gawa."

Wofa ya goge hannu a jikin wando. "Hanya biyu ce, duk daidai. Ko in rubuta ranar da aka rufe, mai wucewa ya yi lissafi da kansa. Ko in rubuta yawan watannin, duk wata in zo in sake lamba."

"Mutanen garin nan ba sa lissafa abin da bai shafe su ba. Ka riƙa zuwa. Ranar kasuwa, da tsakar rana, da tsaninka."

A ranta ta gama yanke cewa zuwa ɗaya ya isa. Opanin mutum ne mai gudun abin kunya, ko tari ba ya yi a coci. Kafin damina ta wuce za ta binne mijinta, ta buɗe ƙofarta, ta shanya abin da asu ya rage.

Ranar kasuwa Wofa ya kafa allon. Direbobi suka taru suna karantawa da ƙarfi, mai sayar da tuwon kenke ta ɗauki hoto. Maame ta ja baya ta duba. Rubutu ya yi kyau, sai dai lambar ta maƙale a gefe, kusa da ita ga farin fili fetal.

"Wofa, fenti ne ya ƙare? Wannan filin na mene ne?"

Yana naɗe igiyar tsani, bai ɗago ba.

"Na lamba ta biyu ne, Maame, in watannin sun kai goma. Ni na rubuta wa matar yayan Opanin nata allon."