Gaisuwar Suruki a Gonar Albasa

Annoba ta sauko wa Argungu. Wato ta sauko wa albasa. Mutanen gari suna nan da ƙafafunsu.

Dikko, malamin gona, yana tsaye a bakin fadama, raɓa ba ta bushe ba, ƙasan babbar rigarsa ya jiƙe sharkaf. Tun da safe yake bin gonaki... dole ne. Ka shiga ta Kalilu ka tsallake ta Hodi? Sai a ce gwamnati ta raina Hodi. Don haka kowace gona ya ratsa, kowane ganye mai furfurar nan ya shafa, ya girgiza kai irin na masu ilimi.

Furfura — kamar an barbaɗa wa ganye toka. A makaranta, ta madubin ƙara girma, sai ka ga 'yan itatuwa ne masu rassa, kowane reshe da ƙwayarsa. Abin sha'awa, ga wanda bai shuka albasa ba. Ƙwayar ta faɗa kan ganye mai danshi, ta fitar da wani abu kamar ƙaro, ta manne, ta lalubi ƙofar da ganye ke numfashi... Danshi kawai take nema. Ganye ne, yadi ne, ba ta tambaya. Ya rubuta haka a jarrabawa, har an yaba masa.

Yadi...

Saura gona ɗaya da ba ta kamu ba. Kore shar. Ta Ɗantsoho ce, mahaifin matarsa Sauda — da albasar nan gidan zai kai damina. Ga tsohon can a tsakiyar fangalin albasa, ya hango Dikko.

"Malam, mi kaka jira bakin hanya? Taho ka gani."

Dikko ya ce masa me? Baba, rigata ce cutar? Shi da bai taɓa haɗa ido da mutumin nan ba... Ya gaishe shi daga nesa, a tsaye, da ɗaga murya? Kafin azahar Sauda ta ji, kafin la'asar Birnin Kebbi ta ji. Ya tuɓe rigar? A gaban suruki? Wannan babin dai ba a koya musu ba.

Wataƙila rana ta fito da ƙarfi... wataƙila ƙwayoyin sun gaji da hanya. Wataƙila.

Ƙafafun sun riga sun zame daga takalmi, ba su yi shawara da shi ba. Yana shiga, yana sunkuyar da kai, yana durƙusawa kamar kowane ɗan mutunci.

Rigar mai faɗi ce. Ta rufe rabin fangalin.