Tabkin da ya yi kyau a hoto

"Inna, maza ma suna ganin jini irin na mata?"

Rayyanu ne, ɗana mai shekara bakwai, ya jefo mini tambayar a gaban uwar mijina, ina cikin tankaɗe. Na ja shi bayan ɗaki. Ya tsuguna ya nuna mini. Ƙarshen fitsarinsa ja wur.

Tsargiya ce, ciwon da yara ke ɗaukowa a kwantaccen ruwa. Ni kuwa ban taɓa barinsa ya taka tabkin garinmu ba.

Sai da na matsa ya ce, "Ranar mai hoto ce. Ya ba mu alawa."

Na tuna mutumin. Ƙarshen damina Cha'ibu, ƙanen mijina, ya ɗauko shi bisa moto, wato babur, daga Mayahi. Yawon ɗaukar hoton daji yake, tuddai da goruba. Tuwona ya ci. Da ya yaba tabkin, na ce masa nan shanu ke fitsari, ga mushen jaki ya kumbura a bakin ruwan. Ya yi dariya ya ce, "Madam, wari ba ya hita a hoto."

Na iske Cha'ibu yana wanke motonsa.

"Kai ka sa mini yaro a ruwan can?"

"Haba matar yaya, iya gwiwa ne fa! Cewa mai hoton ya yi tabki babu yara bai da rai. Ke duba nan, ɗanki ya zaga duniya."

Ya miƙo waya. Rana na faɗuwa, ruwa kamar zinariya, ga inuwar Rayyanu ya ɗaga hannuwa. Cha'ibu ya ce su suka ja jakin gefe da igiya, yaran ma sun kama. A ƙasan hoton wata ta rubuta da Faransanci wai aljanna ce. Miyau ya cika mini baki, na juya na tofar.

A amalanke na kai yaron asibitin Attantane. Ƙwayoyin da aka ba shi manya ne, yana haɗiya yana yunƙurin amai, ina riƙe da goshinsa. Sauran yaran da suka shiga, gida-gida na bi iyayensu ina faɗa musu.

Ke mai karatu, in baƙo ya zo da abin hoto yana yaba garinku, ba shi ruwa ya sha, amma riƙe hannun ɗanki gam har sai motonsa ya tashi.