Kalar Kuɓewa a Umm Salal

Tun da Goggo Hajjo ta zo Doha wajen 'yarta da ta haihu, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba sai tayil. Gidan a sama yake a Madinat Khalifa, tagogi kullum a rufe. Ranar Juma'a da ɗan wanta Surajo ya zo gaishe ta, sai ta riƙe masa hannun riga.

"An ce a gona kake aiki. Kai ni in gani."

"Goggo, ni mota nake tuƙawa, ba noma ba."

"To, tuƙa ni."

Bayan la'asar suka isa Umm Salal. Surajo shi ke kai kayan lambun gonar kasuwa, don haka mai gadi ya buɗe musu ba musu. Goggo ta cire takalmi ta taka yashin, ta lumshe ido. Can ta hango wani fegin kuɓewa, ganyen ya fara yin rawaya.

"Wannan fa, an gama da shi?"

"An gama. Gobe tarakta za ta bi ta kai."

Ya zaunar da ita a inuwar dabino, ya tafi duba tayar motarsa. Ko da ya dawo, inuwar ce kawai. Goggo na tsakiyar fegin, ta ɗaure mayafi a ƙugu, tana bin layi tana tsinko kuɓewar da masu tsinka suka tsallake. Mayafin har ya yi tozo.

Surajo ya ruga wajenta.

"Goggo! Ki zubar, don Allah ki zubar!"

"In zubar da abinci? Kanka ɗaya?"

"A nan ko tumatir guda mutum ya fita da shi, sata ce. In kafil, wato mai gonar, ya ji, khalas, sai jirgin komawa gida. Aikina kenan ya tafi."

Ta miƙe tsaye a hankali, hannu ɗaya a baya.

"Sata? Ni Hajjo? Kala nake yi, ɗan nan. Ban shiga ba sai da na tambaye ka ko an gama. Ka ga na taɓa kwandunan can da aka cika? Mai gona ya kwashe nasa, abin da ya rage na mai tsinta ne. Ubanka da kalar gyaɗa aka ɗinka masa rigar sallarsa ta fari."

Kafin ya amsa suka ji ƙarar mota. Rashad ne, dogon Basudanen da ke kula da gonar, mutumin da ba a cika ganin haƙoransa ba. Ya fito ya dubi tsohuwar, ya dubi mayafin, ya dubi Surajo.

Surajo ya haɗa ɗan Larabcinsa da Turanci. Ya ce goggonsa ce, baƙuwa ce, shi ya kawo ta. Ya ce a garinsu in an gama girbi kowa na iya shiga ya tsinci saura, ita kuma ba ta san dokar nan ba.

Rashad ya matso kusa da ita. Ya miƙa hannu, Goggo ta ɗora masa kuɓewa guda. Ya karya bakinta, ta yi ƙas. Ta ɗan wuce girman da kasuwa ke so, amma ba ta yi itace ba.

"Glean," in ji shi. Ya ce haka Turawa ke kiran wannan aikin a da, a makarantar noma ya ji kalmar. Yanzu sun fi faɗinta in mutum na tsintar labari nan da can.

Surajo ya fassara.

"Gilin?" Goggo ta taɓe baki. "Na farkon kala ne. Na biyun kuwa gulma muke ce masa."

Da aka mayar wa Rashad, dariya ta ƙwace masa. Sai kuma ya gyara fuska ya ce doka doka ce, ba abin da zai fita ta ƙofar nan sai da sanin mai gona. Me za ta yi da wannan tulin?

"Ka ce masa yankawa zan yi in shanya. Ranar garin nan ai asararta ake yi."

Rashad ya tsaya cak. Ya ce su ma haka uwarsa ke yi, a busar a daka, kuma rabonsa da miyar da aka yi da ta gida ya manta. Ya ciro waya ya koma gefe. Surajo ya kasa kunne, ba abin da ya kama sai "kafil" da "hajiya". Goggo kuwa ta riga ta sake sunkuyawa.

Rashad ya dawo yana sa wayar a aljihu. Mai gona ya yarda. A shanya a nan bayan sito, in ta bushe a raba uku, Goggo da Rashad da mai gonar, domin shi ma yana so ya ɗanɗana. Tarakta za ta jira sai jibi. Surajo kuma ya fito da wuri gobe, akwai lodin kokwamba.

Surajo ya jingina da mota.

"Kai kuma ka tsaya kallona?" in ji Goggo. "Nemo min wuƙa da tabarma. Ka ce wa dogon nan ya kama layin can, kada ya tattake min ƙanana."

Rashad ya naɗe hannun riga ya shiga fegin. "Yalla, mu fara," ya ce wa Surajo.