Jikana a Cikin Tukunya

Wani mafarki na yi daren jiya, har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Wai 'yata ta fari, wadda ba na kama sunanta, ta haihu, na shirya na tafi ɗauko ta wankan gida. Motar da na shiga da baya take tafiya, direbanta zakara ne, amma ba wanda abin ya dama. Muna tafiya muna ƙanƙancewa, har muka shige ta wani tsagin dutse mai tururi.

Garin surukan nawa a ƙarƙashin ruwa yake, ruwan kuma tafasa yake yi. Mutanen garin ƙwayoyin halitta ne, irin waɗanda ido ba ya gani, wasu kamar gero, wasu kamar guntun taliya. Unguwa guda a cikin gishiri take, wata a cikin kanwa, manyan gari kuwa su ne a bakin wuta. Ni da yake baƙuwa ce, aka sa ni a cikin wata kumfa don kada in dahu.

Uwar mijin 'yata, Gwaggo Ladingo, ta mirgino ta tarye ni da kofin ruwan batir.

"Maraba da mutanen sanyi. Ya hanya, ya ƙanƙara?"

"Wace ƙanƙara, Gwaggo? Daga Sakkwato fa nake, kuma bazara ake ciki."

"Allah sarki, ai muna jin labarinku. Allah ya ba ku juriya."

Na haɗiye maganar, na ce na zo tafiya da mai jego da jariri, don tun cikin yana ƙarami nake tara itacen wanka.

"Wanka da me?"

"Da ruwan zafi mana, da ganyen darbejiya."

"Irin wanda ake sirkawa?"

"Shi."

Ta tafa hannu, ko da yake ba ta da hannu. "Ai mu da shi muke jiƙa gawa kada ta lalace."

Sai ga ni a ɗakin mai jego. 'Yata na zaune a gaban murhu tana iza wuta. A kan murhun tukunya ce tana ɓararraka, a cikin tukunyar kuma jikana ne, jajir da shi, yana juyawa kamar wake. Na rafka salati.

"Ke! Dafa mini miji za ki yi?"

"Inna, barci yake yi, kada ki tashe shi."

Ban saurare ta ba. Na sa ludayi na tsamo shi, na zuba a guje.

Sai ga ni a tsakar gidana. Na ɗebo ruwan randa na yayyafa masa, na kama yi masa fifita ina tofa addu'a. Jan nan nasa ya fara dushewa, ya koma ruwan toka. Ƙafafunsa suka sandare. Na ji muryar 'yata daga cikin rijiya tana kururuwa: "Inna, sanyi zai kashe shi!"

Hankalina ya tashi, irin tashin da ban taɓa ji ba. Na naɗe shi a bargo, na goya shi na ɗaure tam. Gadon bayan nan nawa da ya raini yaran unguwa kaf, ɗuminsa bai yi wa yaron komai ba. Ina jin numfashinsa yana raguwa a tsakanin kafaɗuna.

Na haɗa wuta da itacen da na tara, duka. Tukunyar wanka ta tafasa har murfin na rawa. Na kwance shi, na tsaya riƙe da shi a kan tururi, hannuna ya ƙi saki. Wace kaka ce za ta jefa jikanta a tafasasshen ruwa? Ni ce. Na runtse ido na sake shi.

Ya nutse. Shiru.

Can sai na ji atishawa. Ya taso jajir, yana ɓangale baki, ya miƙo mini hannuwa biyu in ɗauke shi. Na kai hannu, ruwan ya ƙona ni, na janye. Na sake kaiwa, na sake janyewa.

Gwaggo Ladingo ta leƙo daga ƙasan tukunyar. "Kaka, daga nan ake yi masa wasa. Ki ja da baya kaɗan ma, inuwarki na sanyaya masa ruwa."

Na ja da baya. Kuka ya zo mini, na juya kai don kada hawayena ya ɗiga a ciki.

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe ni. Na farka da hannuna a miƙe, na daɗe ban iya mayar da shi ba.