Ranar Da Na Saki Muciya

Takardar kamfani ta zo ranar Talata. Na sa wa mai kawo wasiƙu hannu, na karanta a tsaye, sannan na danne ta da kwanon gishiri na ci gaba da yanka albasa kamar ba abin da ya faru.

Wata goma sha takwas ke nan tun da annoba ta ajiye jiragen sama a ƙasa, kamfani ya ba mu hutun dole, mu matuƙa ɗari da ashirin. Ba kora ba ce, in ji su, za a kira mu bi da bi in abubuwa sun lafa. A sana'armu kuwa kowa da lambar da aka ba shi ranar da aka ɗauke shi, kuma da ita ake kira, ba da iyawa ko farin jini ba. Tawa arba'in da ɗaya ce. Mutum arba'in da ɗaya cif aka kira.

Takardar ta ce in ba da amsa kafin azahar ɗin Litinin. In na amsa, sai in tattara in koma birnin Varna inda kamfanin yake, tafiyar awa biyar daga ƙauyenmu. Wanda soja ke so ya koma musu, za a ajiye masa lambarsa har shekara uku. Mai uzurin gida kuma shekara ɗaya tal za a jira shi, in bai dawo ba a goge sunansa. Uzurina yana zaune a ƙarƙashin rumfar inabi da bargo a gwiwa. Mahaifina ne, wanda nake kira Tate, mutanen ƙauye kuma suke kira Bai Tsvetan, wato dattijo Tsvetan. Wata huɗu bayan dawowata gida ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ciwonsa ba mai ƙarewa a shekara ɗaya ba ne, in kuwa ya ƙare a shekara, na san irin ƙarewar. Don haka hutun nan sunansa kawai hutu, ban kwana da tuƙi ne, kuma na sani.

Ranar Asabar muka tsayar don dafa lutenitsa, miyar tattasai da tumatir da muke ajiyewa a kwalabe saboda hunturu. Da hantsi Zdravko ya iso a motar raba kayan da yake ja tun da aka ajiye mu, ya sauke buhu biyu na jan tattasai. Zdravko tsohon matuƙin soja ne, ya girme ni da shekara shida, amma mako ɗaya na riga shi shiga kamfani. Shi ne arba'in da biyu.

"Sannu da zuwa, ƙanena," na ce. "Kyaftin ɗin kwalaye."

"Ke dai bari, yaya Rumi. Jiya wata tsohuwa ta ce in koyi tuƙi, wai na girgiza mata ƙwai." Ya juya wajen rumfa. "Bai Tsvetan, yaya ƙarfin jiki?"

"Rabi lafiya lau," in ji Tate. "Ɗaya rabin ya tafi hutun dole kamar ku."

Muka gasa tattasai, muka ɓare har yatsunmu suka yi baƙi, muka niƙa da tumatir, muka juye a babbar tukunyar mahaifiyata a kan murhun tsakar gida. Daga nan aikin ya koma na muciya. Awa huɗu ake juyawa ba tsayawa, in ka saki na minti ɗaya gindin ya kama, wahalar yini ta tashi a banza.

Tate shekara talatin ya yi yana tuƙa jirgin feshin gona, kuma dokar ɗakin tuƙi ya kawo kan tukunyar nan tun ina 'yar shekara tara. A jirgi ba ka sakin sitiyari sai abokin tuƙinka ya ce ya karɓa. In kuwa ya ce ya karɓa, to sai ka cire hannunka gaba ɗaya, ka faɗa da bakinka cewa yana hannunsa. Mahaifiyata har ta rasu tana cewa ita miya take dafawa ba yaƙi ba, amma ko ita ba ta taɓa sakin muciyar ba a faɗa ba.

Zdravko ya juya rabin awa, gumi na ɗiga daga hancinsa. Na kama muciyar.

"Na karɓa."

"Yana hannunki," ya ce, ya zube kan kujera.

Na ga lokaci ya yi, don maganar da ba ka so ta fi sauƙin fita in idonka na kan tukunya. Na ce, "Hutun gida zan ɗauka. Ranar Litinin kujerata za ta sauko kan lamba ta gaba. Ka shirya kayanka, Zdravko, ka huta da kwalaye."

Kwana huɗu na yi ina gyara maganar nan a raina, kuma gaskiya ta yi mini daɗi. Na ga kaina 'ya tagari kuma abokiya mai kyauta, duk a tashi ɗaya. Na jira godiya. Da na ɗaga ido, su biyun suna kallon juna irin kallon yaran da suka fasa kofi.

"Ai kin makara," in ji Zdravko. "Tun ranar Alhamis na sa wa soja hannu. Shekara uku, koyar da sababbin matuƙa, a sansanin nan na bayan tudu. In kin ƙi, kujerarki wurin Momchil za ta tafi."

"Momchil? Mai tofa ɓawon iri a aljihun taswirar jirgi?"

"Shi fa. Arba'in da uku."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne sun ƙwace mini kyautata. Na ce, "Kai da ka rantse ba za ka ƙara sara wa kowa ba? Kai da ka ce gara ka sayar da kabewa?"

"Na gwada raba kabewa, ba daɗi." Ya share wuyansa da tawul. "Kuma 'yata tana jami'a a Plovdiv, kusa da nan. Varna ta yi mini nisa. Ba don ke kaɗai na yi ba, kar kanki ya kumbura."

"A ɗakinki Zdravko zai zauna," in ji Tate. "Minti ashirin ne zuwa sansanin. Da safe Ginka ta maƙwabta za ta shigo. Mun gama magana."

"Kun gama magana. A bayana."

"A gabanki ma aka yi, kina can kina fushi da injin wanki."

Na juya muciyar da ƙarfi har miya ta fantsal mini a hannu. Na fara zazzage musu duk abin da ba su sani ba. Zdravko bai san ƙwayar safe daga ta yamma ba. Ginka surutu ne ya yi mata yawa, za ta bar shi da rigar barci har azahar. Tate ba ya faɗa in ƙafarsa ta yi sanyi, sai an taɓa. Suka bar ni na yi ta yi har numfashina ya ƙare, maganar gaskiyar ta fito da kanta, a hankali.

"Tate, in ka faɗi ba na nan fa?"

"Zan faɗi ko kina nan, 'yata. Sau biyu na faɗi bana, kina gidan." Bakinsa yana ɗan karkacewa in ya yi doguwar magana, amma bai tsaya ba. "Ni ma in tambaye ki. Duk jirgin da ya wuce saman gidan nan sai kin ajiye abin da ke hannunki. Kullum in kina wanke kwanuka ina jin ki kina karanta jerin binciken tashin jirgi, daga farko har ƙarshe, ke kaɗai, kina tambaya kina ba kanki amsa. Kin zaci kunnena ma ya shanye? Ranar da likita ya ajiye ni ina da shekara hamsin da biyu, na san abin da na ji. Ba ni da zaɓi a lokacin. Ke kina da shi, kuma ba na son ki rataya shi a wuyana."

Ina son mutumin nan fiye da yadda na iya faɗa masa, kuma ina tsoro. Tsoron barinsa, da wani ƙaramin tsoro da ban gaya wa kowa ba, cewa wata goma sha takwas sun isa su cinye abin da hannuna ya sani.

Tate ya ture bargon. Zdravko ya yunƙura zai taimaka, Tate ya harare shi, sai ya koma ya zauna. Taku shida ne daga rumfa zuwa murhu, Tate ya yi su yana jan ƙafar dama, sandarsa na nutsewa a ƙasa. Da ya iso sai ya jingina ƙugunsa da teburin kwalabe, ya saki sandar ta faɗi, ya ɗora hannunsa na hagu a kan muciyar, sama da nawa.

"Na karɓa," ya ce.

Ban saki ba.

"Kyaftin Rumyana, na ce na karɓa. Hannu biyu a kan sitiyari, kowa na jan nasa, kin san inda ake ƙarewa."

Na dubi hannun. Ya rame, jijiyoyi sun fito. Shi ne hannun da ya fara ɗora nawa a kan muciyar nan. Na san ba zai iya kai ta gindin tukunya ba, shi ma ya sani. Na buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

"Yana hannunka, Tate."

Na ja baya. Ban san inda zan kai hannuwana ba, sai na goge su a jikin riga duk da ba abin gogewa. Ya juya a hankali, sama-sama, haƙoransa a cije. Zdravko ya matso ya tsaya a gefensa, hannunsa a aljihu, bai taɓa komai ba, yana jira sai an ba shi. Ni kuma na shiga ciki na ɗaga kwanon gishiri. Gindinsa ya bar zobe a kan takardar, daidai inda ake sa hannu.

Kwalba shida na tafi da su Varna. Ranar da na dawo daga tashina na farko, wanda hannuna bai manta komai ba a cikinsa, na buɗe ɗaya na shafa a burodi. Ta yi ƙauri, ba kaɗan ba. Na kira gida, Tate ya ɗauka a bugu na tara.

"Kin ɗanɗana?" ya ce.

"Na ɗanɗana."

"Tattasan Zdravko ne ba su da kyau."

"Haka na ce ni ma, Tate."

Na cinye kwalbar a tsaye, da cokali, ina jin sa yana ba ni labarin yadda Ginka ta ƙona masa madara.